Ruwan Ƙanƙarar Dutse Yana Ƙara Tsawon Rai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyo a WhatsApp ana cewa mutanen Hunza suna kaiwa shekara 120 saboda ruwan ƙanƙarar duwatsu da suke sha. Wani ma yana tallar garin da ake zubawa a ruwa ya koma irin nasu. In saya wa mahaifiyata? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri kan kula da Mama, amma ki riƙe kuɗinki.

Hunza kwari ne a arewacin Pakistan. Ruwansu fari-fari yake kamar ruwan gasara, domin ƙanƙarar tana niƙe dutse yayin da take gangarowa. Garin dutse ne kawai. Abin da jiki zai tsinta a ciki bai kai wanda Mama za ta samu a kwanon nono, wake ko kwaɗon zogale ba.

Maganar shekaru kuwa, ba a rubuta ranar haihuwa a can a zamanin da aka haifi tsofaffin, abin da tsoho ya faɗa shi ake ɗauka. A 1973 likita Alexander Leaf ya yayata labarin Hunza da na Vilcabamba ta ƙasar Ekwado a mujallar National Geographic. Da masu bincike suka bi takardun coci a Vilcabamba, ba su sami ko mutum ɗaya da ya cika ɗari ba. John Clark, wanda ya zauna a Hunza wajen 1950 yana ba da magani, ya tarar da atuni, tsutsar ciki, ciwon ido da zazzaɓin cizon sauro. Yankin ya kuma yi suna da maƙoƙo, saboda ruwan dutse ba shi da isasshen aidin.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kwantar da tsofaffinmu a Zariya, musamman da damina, shi ne gurɓataccen ruwa: taifot, kwalara da gudawa. A nan ya kamata kuɗin ya tafi. Idan ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ya zo da laka, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma mutane da yawa a nan suke yin kuskure. Sai a dafa ya tafasa sosai na minti 1 cikakke. In kuma ƙwayar kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta za a saka maimakon dafawa, a bi ma'aunin da ke jikin fakitin, a jira minti 30. Zuba ta a ruwa mai laka yana rage mata ƙarfi.

Bayan haka a duba randa. Ruwan da aka dafa yakan sake lalacewa idan kowa yana tsoma moɗa da hannunsa a ciki. A rufe ta, a ware mata moɗa mai mariƙi, a riƙa wanke ta. Rijiya kuma ta yi nesa da masai da kimanin mita 30.

Idan Mama tana da hawan jini ko ciwon ƙoda, kada a zuba mata kowane irin gari a ruwa sai likitanta ya ga abin da ke rubuce a jikinsa.