Amsa: Sarƙaƙƙun ƙwayoyin haske ba sa aika saƙo nan take

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne idan ƙwayoyin haske biyu suka sarƙe da juna, ana iya aika saƙo da su fiye da gudun haske. A'a, ba a iyawa.

Sarƙuwar kanta, wato alaƙar da ke sa sakamakon auna ƙwayoyi biyu ya dace da juna ko da suna nesa, gaskiya ce, a kan gwaje-gwajenta ne masana kimiyya Aspect, Clauser da Zeilinger suka ci lambar Nobel a 2022. Sai dai idan ka auna ƙwayar da ke hannunka, ba kai ke zaɓar sakamako ba, tamkar jefa kwabo ne. Abokinka mai ɗayar shi ma lambobi barkatai zai gani. Sai kun yi waya kun gwama abin da kowa ya rubuta, sannan alaƙar ta bayyana. Wayar nan kuwa ba ta wuce gudun haske.

Amfanin gaske yana wajen raba makullin sirri, wato lambobin da ake kulle saƙo da buɗe shi da su. Mai leƙen asiri dole ya auna, aunawa kuma tana barin kura-kurai da za su tona shi. Tauraron ɗan'adam Micius, wanda Sin ta harba a 2016, ya raba irin waɗannan ƙwayoyi tsakanin tashoshin Delingha da Lijiang da ke ƙasar Sin, tazarar kusan kilomita 1,200.