Hukuncin yin bincike da bayanan lafiyar jama'a don gano masu haɗarin kamuwa da cuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma, ina digiri na biyu. Zan yi aikina ne da bayanan binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta Najeriya ta gudanar a 2018, don in gano waɗanne mata ne suka fi haɗarin ƙarancin jini. Kawuna ya ce in bari, wai faɗin wanda zai kamu da cuta shiga gaibu ne, kuma tonon asirin matan mutane ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, aikin nan halal ne, kuma idan niyya ta gyaru yana cikin ilimin da idan al'umma ta rasa masu yinsa duk ta yi laifi. Kawunki ya yi kishin addini, Allah ya saka masa, sai dai ya haɗa abubuwa biyu da hukuncinsu ya bambanta.

Maganar gaibu ba ta da nauyi a nan. Gaibun da Allah ya keɓanta da shi a ƙarshen Suratu Luƙman ya haɗa da sanin abin da rai zai aikata gobe da ƙasar da zai mutu. Ke ba za ki ce wance za ta kamu ranar kaza ba. Abin da za ki ce shi ne, cikin mata ɗari masu hali kaza, an samu kaza da cutar. Wannan lura ce da sunnar Allah a halittarsa, kamar manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa.

Akwai hujjar da nake so ki riƙe, domin kusan aikinku ce ta siffanta. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, Muslim ma ya fitar, daga Judama bint Wahb, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin hana gila, wato miji ya sadu da matarsa tana shayarwa, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya fasa hanin. Dubi yadda aka kalli halin al'ummu biyu, waɗanda ba Musulmi ba ma, aka auna cutarwa da abin da ya bayyana a cikin jama'a masu yawa. Ƙidayar mutane kuwa, Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Annabi ya sa a rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta mutum 1,500. Sayyidina Umar ma da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, cewa ya yi suna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a nan nake tare da kawunki rabin hanya. Mata fiye da dubu 41 aka yi wa tambayoyi a binciken 2018. Ki tuna yadda aka samo lambobin da ke kwamfutarki: ma'aikaciya ta yi sallama, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, matar gida ta faɗi abin da ko ƙanwarta ba ta sani ba game da haihuwa da ɓari, wasu kuma suka miƙa yatsa aka ɗiga jini. Sun yi haka ne bisa alƙawarin rufin asiri. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to amana ce. Amanar nan ta biyo bayanan har hannunki.

Abin da ya sauƙaƙa hukuncin shi ne ana cire sunaye kafin a ba masu bincike, har wurin da unguwa take a taswira ana gusar da shi, har zuwa kilomita 2 a birni, 5 a yawancin karkara. Giba ba ta tabbata a kan wanda ba a san shi ba. Saboda haka haramun ne ki haɗa shekaru da yawan 'ya'ya da ƙaramar hukuma don ki gane wata, wannan shi ne bin diddigin da Suratul Hujurat ta hana. Kada ki miƙa bayanan ga wanda bai nemi izini ba, ko da abokiyar karatu ce. Sharuɗɗan da kika amince da su lokacin karɓa alƙawari ne, haka neman amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da kiyaye dokar kare bayanai ta 2023. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba, kuma duk mai binciken da ya ci amana yana rufe ƙofar gidaje ga na bayansa.

Sai abin da na fi jin tsoro a kanki, domin shi ɗalibai suka fi faɗawa ba su sani ba. Irin wannan bincike hoto ne na lokaci guda, yana nuna abubuwa biyu sun haɗu, ba ya nuna wanne ya haifi wanne. Idan kika ga masu ƙarancin jini sun fi zuwa asibiti, ciwon ne ya kai su. Rubuta "kaza ke jawo kaza" alhali lissafi bai kai nan ba, ko zubar da sakamakon da bai yi wa mai duba aikinki daɗi ba, ya shiga faɗin Allah a Suratul Isra'i, aya ta 36, cewa kada ka bi abin da ba ka da iliminsa. Haka idan cutar ta fi yawa a wani yanki ko wata ƙabila, ki faɗa tare da abin da ke kewaye da ita, kamar talauci da zazzaɓin cizon sauro da nisan asibiti, kada a mayar da aikinki abin gori ko dalilin ƙin aurensu.

Ki je ki zauna da kawunki, ki karanta masa hadisin Judama, ki buɗe masa bayanan ya gani da idonsa cewa babu sunan kowa a ciki.

Allah ne mafi sani.