"Madam, ina Dokta yake?"

Tambaya: Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Yamai, shekara biyu ke nan da na kammala digirin dokta. Baƙo ya shigo ya tarar da ni da farar riga, sai ya ce, "Madam, ina Dokta yake?" A taro kuma maza Dokta wane, ni a kira ni da sunan yanka. In gyara musu ne ko in yi shiru?

Amsa: Dokta, ki gyara, sau ɗaya, fuska a sake: "Ni ce, bisimilla, zauna." Kunyar da zai ji ta isa.

Wani sashe na matsalar a harshenmu yake. Kalmar dokta ko farfesa ba ta nuna jinsi, amma Bahaushe bai iya ƙarasa magana sai ya zaɓi "ya zo" ko "ta zo". Wanda ya tashi yana ganin lokotoro namiji, unguwarzoma mace, "ya" ce ke rigan fita daga bakinsa. Faransancin da muke aiki da shi ma sai a 2019 majalisar kula da shi a Faransa ta amince da sigar mata ta sunayen sana'o'i.

Batun taron ya fi damuna. A 2017 an buga wani bincike da aka yi a asibitin Mayo na Amurka: namiji in zai gabatar da likita namiji, kashi 72 cikin 100 yana ambaton Dokta, in mace ce kashi 49 kawai. Matan da ke gabatarwa kuwa, kusan ko yaushe suna ba kowa muƙaminsa. Madam da Hajiya girmamawa ne, ban musa ba, sai dai ba su gaya wa baƙon da ya zo da kuɗin bincike cewa ke ce mai aikin ba.

Kada ki yi gyaran a bainar jama'a. Ki sami shugaban taro tun kafin a zauna, ki ce masa ko dai a kira kowa da muƙami, ko kowa da suna. Ki sa Dokta a ƙofar ofis da ƙasan wasiƙunki.

Dattijon da ke ce miki "ɗiyata" wajen shan shayi, ni dai da zan ƙyale shi. In ya faɗa a gaban ɗalibanki, ki bi shi ofis ki yi masa magana cikin ladabi.