Amsa ga ɗan'uwan da ragar matatarsa ta ƙi yin kore

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Wallahi ina karanta tambayarka gabana na faɗuwa, domin hanyar da ka ɗauko na san inda take ɓullewa. Ka ce tankinka na kiwon kifin ruwan gishiri bai wuce mako 3 da zuba ruwa ba, busassun duwatsu ka jera, babu kifi tukuna, ka haɗa matatar gansakuka, wato ragar da ake haskawa don gansakuka ta tsiro a kanta ta tsotse dattin ruwa, tun ranar farko kana ba ta haske awa 18, amma raga ta ƙi yin kore, sai ɗan yauƙi ruwan ƙasa a gefe-gefe. Kana tambaya ko ka ƙara ƙarfin fitila. Don Allah kar ka ƙara. In son samu ne ma, kashe ta yau ɗin nan.

Matatarka lafiyarta ƙalau, yunwa ce ke damunta. Gansakuka ba da haske kaɗai take rayuwa ba, sai da amoniya da naitiret da fosfet, su kuwa daga abincin kifi da kashinsu suke fitowa. Tankin da babu mai ci, babu mai kashi, me za ta samu? Kuma ɗan amoniyar da kake ɗigawa don bakteriyar da ke cinye amoniya su kafu a duwatsu, ita gansakuka kai tsaye take zuƙe ta. Sai gwaji ya nuna maka sifili, ka ɗauka tanki ya shirya karɓar kifi, alhali bakteriyar ba su kai yawan da za su ɗauki nauyin kifi ba. Wannan kafuwar takan ci mako 4 zuwa 6, ka ƙyale ta ta ƙare. Yauƙin da kake gani kuwa dayatom ne, wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, kusan kowane sabon tanki sai ya yi shi.

Ni wani mai sayar da kayan tanki ne ya kai ni ya baro. Har yanzu in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Ya tambaye ni girman tankina, bai tambaye ni kifi nawa zan sa ko abinci nawa zan riƙa ba su ba, ya miƙo mini matata mafi girma a wurinsa, ya ce in kunna tun daga ranar farko, dare da rana, ba zan taɓa ganin gansakuka a gilashi ba. Da na sa ƙananan kifi kaɗan, raga ta fara kamawa. Na gwada ruwa: naitiret sifili, fosfet sifili. Na tura masa hoton gwajin, ya ce madalla, haka ake so, ruwa ya yi tas.

Ashe daino ne ke tafe, wasu ƙananan halittu da kan mamaye tanki in naitiret da fosfet sun ƙare. Waɗanda suka taɓa gamuwa da shi a cikinmu sun san abin da nake faɗa. Zare-zare ruwan ƙasa masu yauƙi, kowanne da ƙwayar kumfa a kansa, sun lulluɓe yashi da duwatsu. Da dare su ɓace, ka kwanta da murna, fitila na kamawa da safe su dawo fiye da jiya. Katantanwar da na sa don share gilashi na fara tarar da su a kife a kan yashi, yau ɗaya, gobe wata, domin wasu nau'in daino, irin su Ostreopsis, guba gare su. Murjanina mai rai na farko, wanda na fi so a duk tankin, ya rufe ya ƙi buɗewa. Kullum in zuƙe masa yauƙin da siririn tiyo, kafin la'asar ya sake rufe shi. Ina kallo ya sheƙe, namansa na saɓulewa daga ƙashi. Ranar da na ciro shi warin da ya bugi hancina ba zan manta ba. Na zauna a gaban tanki na rasa abin yi, har na fara tunanin kwashe komai in huta.

Na koma wa mutumin nan. Ka san me ya ce? Wai datti ne ya yi yawa, in ƙara canjin ruwa, in kuma sayi garin da ke tsotse fosfet in zuba a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babba. Tankin da fosfet ɗinsa sifili ne! Wato mai fama da yunwa aka ce ya ƙara azumi. Abu ya ƙara dagulewa, na kira, ya ce laifin gishirina ne. Daga baya ma ya daina ɗaukar waya. Ba asarar ce ta fi ƙona mini rai ba, yadda yake magana da gadara kamar ya san abin da yake yi. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Abin da ya fitar da ni: na kashe matata, na dakatar da canjin ruwa, na ƙara wa kifi abinci har naitiret ya hau, na sa fitilar UV mai kashe ƙananan halittun da ke yawo a ruwa. A hankali sauran ƙananan halittu suka dawo suka danne dainon. Kai dai ka riƙe wannan, kar ka kunna matata sai ka ga naitiret ya kai wajen 5 zuwa 10 ppm (kashi cikin miliyan), fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1 ppm, kuma suna hawa ba sauka ba. Busassun duwatsu wani lokaci suna sakin fosfet da kansu, saboda haka gwada, kar ka yi ƙiyasi da ido.

Girman raga da abinci ake auna shi, ba da litar tanki ba. Lissafin da aka saba bi shi ne raga mai inci 3 sau 4, ana haska ta ta ɓangare biyu, ga kowane ƙulli ɗaya na daskararren abinci a rana. Ba ka faɗi girman taka ba, amma ina zargin ta yi wa tankinka yawa. Af, ka kankare ta kuwa? Sabuwar ragar roba sumul take, gansakuka ba ta samun wurin kamawa. Ka goge ta da haƙoran zarto har sai ta yi kaushin da zai soki yatsa. In mai zubowa daga bututu ce, ruwa ya kai kusan lita 50 a awa ga kowace santimita ta faɗin raga, ya rufe ta baki ɗaya ba tare da busasshen wuri ba.

Idan lokacin ya yi, fara da awa 8 ko ƙasa da haka, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Jan LED mai 660nm shi ya fi yi mata. Ka ga tsakiyar raga ta yi fari ko rawaya daidai saitin fitila, gefe kuma na tsiro, to haske ya fi abinci yawa, rage shi ko ka sa ƙyalle ya tare. Ka ga baƙin yauƙi mai kauri, abinci ne ya yi yawa, sai a yawaita wankewa. Ni da dare nake kunna tawa, lokacin da fitilar babban tanki ke kashe, saboda pH, ma'aunin tsamin ruwa, kan faɗi da dare, ita kuma tana riƙe shi.

Wani abin da mai sayarwa bai taɓa gaya mini ba: Walter Adey, masanin da ya ƙirƙiro wannan dabara a Smithsonian da ke Washington a ƙarshen shekarun 1970, ya kwaikwayo ne daga gajeriyar gansakukar da ke kan duwatsun murjani, wadda kifaye ke kiwo a kanta ba dare ba rana. Kankarewar da muke yi ita ce kiwon. In ba ka cire ba, ta ƙasa za ta rasa haske ta ruɓe, duk abin da ta tsotsa ya koma ruwa. Duk kwana 7 zuwa 14 ka ciro raga, ka kankare da tsohon kati, amma bar ɗan saura a cikin ramukan don ta sake tashi da wuri. Wankin farko ma da yatsa kawai, a hankali.

Wane ruwa kake haɗa gishiri da shi? In na famfo ne, ka nemi RO/DI, wato ruwan da na'ura ta tace tas, domin silika da ke cikin na famfo ita ke ciyar da dayatom. Matata kuma tana ƙara ƙafewar ruwa, ka riƙa cikawa da ruwa marar gishiri don ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025 ko 1.026.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Gansakuka kan shige cikin tsagar bututun da ke zubo ruwa kan raga ta toshe, ruwa ya fara feshi gefe, kai tsaye kan fitila da soket. Ka rufe tsagar kar haske ya taɓa ta, ka ɗaga soket sama da tankin ƙasa, ka sa na'urar da ke yanke wuta da kanta in ruwa ya shiga. Ka gwada naitiret da fosfet yau, ka turo mana lambobin tare da girman ragar, mu ga ko za a rage ta ne ko a ajiye ta tukuna.