Cikakken fuloti a can ciki, ko rabi a kusa da titi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Gezawa, ina zaman shago a Kantin Kwari, a birni nake kwana sai ƙarshen sati nake leƙa gida, mata ɗaya yara huɗu. An raba mana gado na sayar da kasona na gona, inaso in yi gini inda zan dinga kwana da iyalina kullum. Dillali ya nuna min waje biyu. Ɗaya cikakken fuloti ne amma can ciki, sai ka hau achaɓa ta naira 500 kafin ka fito titi, yace wai jirgin ƙasa zai bi ta nan gaba. Ɗayan rabin fuloti ne, tafiyar minti biyar zuwa inda ake hawa motar Yankaba, amma kuɗinsa ya kusa ninka wancan. Wanne zan ɗauka? Kuma naji a rediyo wai a wasu ƙasashen ana gina wa talaka gida kusa da tasha, mu fa?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata ya sa albarka a abinda aka bari. Aikina tsara gari ne, kuma in gajarce maka, na kusa da titin zan ce ka ɗauka, amma da sharaɗi, zan zo kansa.

Fara ɗauko biro. Achaɓa 500 zuwa 500 dawowa, dubu ɗaya kenan kullum, in kana fita kwana 26 a wata ya zama 26,000, a shekara 312,000, kuma wannan kai kaɗai ne fa, ba a sa uwargida in za ta awo asibiti ba, ba a sa yara in sun shiga sakandare ba, ba a sa ɗan ƙarin da mai kurkura zai yi maka a kan kowane lodin bulo da yashi ba saboda hanyar burji ce. Wancan fulotin ba arha ne da shi ba, kuɗinsa ne aka rarraba maka kana biya kullum da safe, kuma biyan ba ya ƙarewa, sannan ba kai ke yanke farashinsa ba. Ka ga dai abinda ya faru daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita tana ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce dubu. A harkarmu akwai wani ma'auni da aka ɗauko daga Amurka, cewa kuɗin muhalli da na mota in an haɗa kada su wuce kashi 45 cikin ɗari na samun mutum, kuma gida ana kiransa na kusa da tasha ne in tazarar ba ta wuce kamar mita 800 ba, wato tafiyar minti goma a ƙafa. Naka minti biyar ne.

Ga kuma damina. Watan Agusta, an kwana ana ruwa, hanya ta zama taɓo, ɗan achaɓa ya ce sai 800 ko ya ƙi zuwa ma gaba ɗaya, kai kuma maigidanka yana jiran ka buɗe shago. Sau uku za ka yi haka ka koma kwana a birni, kaga an dawo gidan jiya.

Maganar jirgi kuwa, hmm, dillalai Allah ya shirya mu da su. Gaskiya ne a Fabrairun 2021 an ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Ka tambaye shi wanne daga ciki zai bi ta wajen, ya nuna maka a taswira, ba da baki ba. Sannan ko ya bi, wucewar jirgi daban tsayawarsa daban. Ku ai shaida ne, tsohon layin Nguru da aka gama a 1930 ta yankinku ya ratsa, Jogana, Ringim har Malam Madori, garuruwan da suka samu tasha su suka ci moriyar cinikin gyaɗa, ƙauyen da dogo ya bi ta bayansa kawai ba abinda ya samu sai ƙara da tsoron kada ya take akuya. Kuma irin wannan jirgin na dogon zango ne da kaya, ba a yi shi don ya dinga kai ka Kwari kullum ƙarfe takwas ba. Jirginka a yau shi ne wannan bas ɗin ta Yankaba.

Abinda kaji a rediyo gaskiya ne. Birnin Kuritiba na Birazil tun 1974 suka ware wa manyan bas titinsu na kansu, sai suka ce a gefen wannan titin ne za a yi dogayen benaye, kana nisa da shi gini yana raguwa, don mutane su taru inda mota take, motar ma ta samu fasinja. Singafo ta kafa hukumar gidaje a 1960, yau kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanenta a gidajen hukumar suke. Amma wanda ya fi kama da mu Addis Ababa ce, a tsakiyar shekarun 2000 suka fara gina wa masu ƙaramin ƙarfi benaye ana rabawa ta ƙuri'a, sai dai da yawa an kai su bayan gari ne inda ƙasa ke da arha, wasu da suka ci ƙuri'ar sai suka zuba 'yan haya suka ci gaba da zama kusa da wajen nemansu. Mu ma nan rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyau, amma ba aljihun yaron shago aka auna ba. Akwai asusun gidaje na tarayya tun 1992, ana cire kashi 2.5 na albashi, bashin kuma da ruwa kashi 6, wannan kam sai ka ji ta bakin malamai kafin ka doshe shi. A ganina abinda ya dace a yi a hanyoyin Haɗeja da Wudil da Gwarzo ba wani abin a zo a gani ba ne, a yanka ƙananan fulotai kusa da inda mota ke tsayawa, a fitar da layi da kwalbati da filin makaranta tun kafin 'yan awon igiya su riga kowa.

To sharaɗin da na ce. Na farko kusa da titi ba kan titi ba, in titin na tarayya ne gwamnati na da kusan mita 45 daga tsakiyarsa ta kowane gefe, duk wanda ya shiga ciki ranar faɗaɗa hanya sai dai ya ga jan fenti a katangarsa. Na biyu takarda. Sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu yana da amfani amma ba shi ne ƙarshe ba, dokar filaye ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka, kuma wuraren da birni ya fara cimma kamar naku sai an bincika a wane ɓangare suka faɗa, don haka ka je sashen filaye na ƙaramar hukuma da KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin ka ba da ko sisi. In gonar gado ce aka yanka, ka tabbatar duk magada sun yarda, har mata.

Rabin fuloti kuma in ƙafa 50 ne a 50 ya ishe ku in ba a yi ɓarna ba. Ka jera ɗakuna uku a jikin katanga ɗaya, banɗaki da kicin a ɗaya gefen, ka bar wa uwargida tsakar gidanta na shanya da girki, soro ɗan ƙarami ya wadatar. Abinda kawai ba za ka yi wa rowar siminti ba shi ne fandisho, ka sa magini ya yi shi da ƙarfin da zai ɗauki bene, don yaran nan huɗu girma za su yi. Kuma kafin ka biya, ka je wajen ranar Litinin bayan asuba ka tsaya a bakin titin ka ƙirga minti nawa za ka yi kafin ka samu mota mai gurbi, in an yi ruwa ka koma ka duba inda yake kwanciya.