Shin ƙaramar hukuma tana ware kuɗi don matan da ake duka a gidan aure?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga unguwar Kurna a Kano ta rubuto cewa ƙanwarta tana cikin masu karɓar tallafin kuɗi na gwamnati, amma mijinta yana dukanta, kuma katin cire kuɗin yana hannunsa. Tana so ta san ko ƙaramar hukuma tana da wani tanadi ga irin waɗannan mata, da kuma ko kai ƙara zai sa a cire sunanta.

Amsa: Malama, Allah Ya kawo mata sauƙi. Tallafin da take karɓa kuɗin Gwamnatin Tarayya ne, ana zaɓo masu cin gajiyarsa daga rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, aikin ƙaramar hukuma kuwa bai wuce taimakawa wajen tantancewa da karɓar koke ba. Halin rashi ne ya shigar da ita rajistar, don haka kai ƙarar miji ba dalilin cire ta ba ne. Idan ta koma gidan iyayenta, sai ta sanar da jami'in da ke kula da shirin a sakatariya.

Maganar kuɗin ƙaramar hukuma tana buƙatar ɗan bayani. Ƙananan hukumomin ƙasar nan, har da 44 na Kano, suna samun kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Sai dai Kundin Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora musu kula da gidajen gajiyayyu da sa hannu a harkar lafiya da makarantun firamare, bai ambaci cin zarafin mata da suna ba. Abin da ba a tilasta ba sai an sa shi a kasafin kuɗi, kasafin kuwa albashi ne ke cinye mafi yawansa. Shi ya sa idan mace ta je ofishin jin daɗin jama'a, galibi za ta tarar da jami'i da littafin rajista, ya aika wa miji takardar gayyata, ya yi sulhu ko ya rubuta mata takardar turawa gaba. Na sha ganin jami'a ta ciro kuɗin adaidaita sahu daga jakarta ta miƙa wa mai ƙara, domin babu wani asusu da za ta taɓa. A ganina giɓin ke nan, kuma kansilolin mazaɓu ya kamata a matsa wa kafin a kammala kasafin kowace shekara.

Taimakon da ke hannu yawancinsa na jiha ne da na ƙungiyoyi. Duk ranar da aka ji mata ciwo ta fara zuwa asibiti, ta adana katin da takardar likita, domin su ne hujjarta. Idan cutarwar ta haɗa da fyaɗe, akwai cibiyar Waraka a Kano, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, inda ake duba mutum kyauta. Hukumar Hisba tana sauraron rikicin ma'aurata, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Agajin Shari'a kuma suna tsaya wa marasa hali. In sulhu ya ci tura, a mazhabar Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure saboda cutarwar da ta tabbata, ba tare da matar ta mayar da sadaki ba, saɓanin hul'i.

Shi kuwa katin, muddin asusun da sunanta yake, ta je banki da lambarta ta NIN a toshe shi a ba ta sabo. Amma kada ta yi hakan sai ta samu wurin da za ta kwana lafiya a daren da mijin zai gano.