Amsa: Tiyatar zuciya ido biyu

Malam, ka tambaya ko da gaske ana yi wa mutum tiyatar sauya hanyar jinin zuciya yana farke. Ƙwarai kuwa. Dakta Haldun Karagoz ne ya fara yin ta a Ankara, ƙasar Turkiyya, a 1998.

Siririn bututu ake zurawa a gadon baya, tsakanin kafaɗu, a tura maganin da zai kashe ƙirji. Mutum na numfashi da kansa, zuciya na bugawa, likita na ɗinki. Abin da ke tsorata ni shi ne maganin tsinka jinin da ake bayarwa: jini na iya taruwa kusa da laka har ƙafafu su shanye. In rigar huhu ta ɓule kuma, wani lokaci sai an sa shi barci nan take. Shi ya sa asibitoci ƙalilan ke yin ta.